Kofin ƙalubale na Najeriya: mu nawa ne muka san tarihinsa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, yau dai na ce sai na kawo ta mu tattauna. Kofin ƙalubale na Najeriya, wanda yanzu ake ce wa President Federation Cup, shi ne gasar ƙwallo mafi daɗewa da muke da ita a ƙasar nan, ya girmi lig nesa ba kusa ba, domin lig na ƙasa sai 1972 aka fara shi, shi kuwa kofin nan tun 1945 ake buga shi, lokacin sunansa Governor's Cup saboda gwamnan Turawa Arthur Richards ne ya ba da kofin, kuma a fainal ɗin farko Marine ta Legas ce ta ci Corinthians 1-0. Shekara tamanin kenan fa. Amma yau ka shiga gidan kallo ka tambayi yaranmu wa ya ɗauki kofin FA na Ingila a 2013, kafin ka rufe baki za a ce maka Wigan, har da wanda ya ci ƙwallon da minti nawa. Ka ce to wa ya ɗauki namu a 2024, sai a yi tsit, alhali El-Kanemi ce ta Maiduguri, ta nan kusa da mu. Ni abin da nake gani shi ne duk wani tarihin ƙwallon Arewa mai daɗi da mai ɗaci a cikin kofin nan yake, ba a lig ba, kuma muna ji muna gani yana ɓacewa. Manyanmu da ke gidan nan don Allah ku buɗe mana baki.

Auta Gunners: Yaya Ɗan Fagge ba raini ba wlh, amma ta yaya mutum zai riƙe tarihin abin da kullum sunansa canzawa yake? Ni na taso na ji ana cewa Federation Cup, can sai na ji Aiteo Cup, yanzu kuma President kaza. Na Ingila tun 1871 sunansa ɗaya.

Ɗan Fagge: @Auta a nan kam ka faɗi gaskiya, kuma yana cikin abin da ke ba ni haushi. Governor's Cup ne har 1953, daga 1954 ya koma FA Cup, da aka samu 'yancin kai a 1960 aka ce Challenge Cup, wannan shi ne sunan da ya fi daɗewa a bakin mutane har yau dattawa shi suke faɗa, daga ƙarshen shekarun 1990 Coca-Cola ta saka sunanta a kai, 2009 ya zama Federation Cup, 2017 Aiteo, yanzu ga na yanzu. Amma kofin dai ɗaya ne.

Baba Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Ɗana ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi mu mutanen Jos. Ku yaran yanzu ba za ku gane yadda Challenge Cup yake a lokacinmu ba. Lig bai dame mu ba sam, wanda ya ɗauki Challenge Cup shi ne sarkin ƙwallon Najeriya a shekarar, magana ta ƙare. Kuma babu garin da kofin nan ya wahalar kamar Jos. Mun je fainal a 1951 Railways ta ci mu 3-2. Daga 1962 har 1967, shekara shida a jere muna zuwa fainal, ko ɗaya ba mu ɗauka ba, 'yan sanda su ci mu, Fatakwal ta ci mu, Railways, ECN ta wutar lantarki, Ibadan, Stationery Stores, kowa da rabonsa a kanmu. 1970 ECN ta sake. Sannan aka zo 1972, wadda har gobe in na tuna sai na ji a ƙirjina. Mighty Jets ce lokacin, ƙungiyar Alhaji Isiyaku Ibrahim, ita ce ma ta ɗauki lig na farko a shekarar, ga Sam Garba Okoye ga Ismaila Mabo a baya. Muna shagon wani tela a unguwarmu an kewaye rediyo guda, telan ya ɗora ta a kan keken ɗinki ya ja eriya har ƙarshe, wani yaro an ba shi aikin riƙe waya a jikin eriyar don kada murya ta ɗauke, in ya motsa a daka masa tsawa. Bendel Insurance ta ci mu biyu babu ko ɗaya, lokaci ya kusa ƙarewa, wasu har sun sa takalmansu za su tafi masallaci, sai Sam Garba ya farke ɗaya, kafin mu gama ihu ya sake zura ta biyu. Yaron nan ya saki waya ya yi tsalle, rediyo ta koma shuuu, ba wanda ya kula. Aka yi ta rigima a kan ƙwallo ta biyun, wasu na cewa alƙalin wasa ya riga ya busa tashi, daga ƙarshe dai aka ce 2-2 ne a sake wasa. Aka kai shi Ibadan filin Liberty, shi ne karon farko da aka fitar da fainal daga Legas, can suka ci mu 3-2. 1974 muka koma, Rangers ta ci mu 2-0. Ku lissafa, sau goma kenan.

Maman Hanan: Innalillahi, Baba sau goma? To ba a taɓa ɗauka ba kenan har yau?

Baba Mai Rediyo: An ɗauka 'yata, amma ba Mighty Jets ba. Plateau United ma sai da ta sha nata, 1993 BCC ta ci ta, 1998 Wikki ta ci ta a fenariti, sai 1999 Allah ya yanke mana wahala ta ci Iwuanyanwu Nationale 1-0. Da yawa daga waɗanda muka saurari wasan 1972 tare ba su ga ranar ba. Shi kansa Sam Garba hatsarin mota ya yi ajalinsa tun 1978. A lokacin mutane sun yi ta cewa asiri aka yi wa Jos, ni dai ban yarda da wannan ba, abin da na sani shi ne kullum a Legas ake fainal, yaranmu su taso daga sanyin Jos su yi doguwar tafiya su sauka cikin zafin bakin teku, filin kuma cike da mutanen da ba naka ba.

Ɗan Fagge: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wannan maganar ta Legas ita ta sa nake ganin 1953 babbar shekara ce da ya kamata kowane ɗan Arewa ya haddace. Daga 1945 har 1952 ƙungiyoyin Legas ne kaɗai suke ɗauka, Marine, Railways, UAC, Pan Bank, su ke juya abinsu. Kano ce ta fara fitar da kofin daga Legas, ta ci Dynamos 2-1 a gidansu. Kuma ba sa'a ba ce, don ta koma fainal a 1954 Kalaba ta ci ta, ta sake komawa a 1955 Fatakwal ta ci ta. Sau uku a jere. Zariya ma ta je a 1957. Shi ya sa mu Masu Gida muke cewa kofinmu biyu, 1953 da 2019.

Malam Na Kawo: A'a Ɗan Fagge, tsaya nan. Tarihin da ka kawo daidai ne amma ƙarshen maganarka ban yarda ba. Kano Pillars a 1990 aka kafa ta. Wadda ta ɗauki kofi a 1953 ƙungiyar gari ce, an tsinto 'yan wasa ne daga kulob-kulob na cikin Kano aka haɗa su suka wakilci garin, kamar yadda Zariya da Kalaba da Warri suke yi a lokacin. Ta yaya kulob zai ɗauki kofi shekara 37 kafin a haife shi? Ka ce Kano na da biyu, na yarda. Pillars ɗaya gare ta.

Ɗan Fagge: To Malam ai in haka ne sai ka je ka rage wa Shooting Stars nata. Ana lissafa mata takwas, amma guda huɗu a ciki, 1959, 1961, 1966 da 1969, ƙungiyar garin Ibadan ce ta ɗauka ba kulob ɗin ba. Me ya sa su za a haɗa musu mu a raba mana?

Malam Na Kawo: Su ma ni ban haɗa musu ba. In da gaskiya za a bi, Railways ce ta fi kowa da bakwai, 1946, 1948, 1949, 1951, 1956, 1957, 1964, duk da suna ɗaya da riga ɗaya, sai Rangers da shida. Kuma dalilin da ya sa nake jan wannan maganar ba don in rage wa Pillars komai ba ne, a'a, in ka ce 1953 ta Pillars ce ka binne mutanen da suka yi aikin, sannan ka tsallake Raccah Rovers gaba ɗaya kamar ba a yi ta ba, alhali ita ce ta kai Kano fainal a 1977 ta haɗu da IICC ta Ibadan, wato Shooting Stars, ta kuma ɗauki lig a 1978. Yaro ɗan Kano yau bai san Raccah ba, wannan ai asara ce.

Ɗan Fagge: Maganar Raccah na karɓa hannu bibbiyu. Amma ɗan kallon da ya bi Raccah shi ne ya koma Pillars, ɗansa ne ke zuwa filin Sani Abacha yau. A wajena jama'a su ne kulob ba takardar rajista ba.

Bakatsine: Ku kuna rigima a kan ɗaya ko biyu, mu ko ɗayan ba mu samu ba. Katsina United fainal uku a jere, 1995 Shooting Stars 2-0, 1996 Julius Berger 1-0, 1997 BCC Lions 1-0. Ko ƙwallo ɗaya ba mu ci ba a duka ukun. Baba Mai Rediyo ni na san abin da kake ji.

Baba Mai Rediyo: Sannu ɗana. Uku ma da zafi.

Auta Gunners: Ni fa BCC ɗin nan da kuke ta ambata ban taɓa jin ta ba, a ina take?

Ɗan Yankari: Kai Auta! BCC Lions ta Gboko a jihar Binuwai, ta kamfanin siminti ce, Benue Cement Company. Ita ce ta dawo da kofin Arewa a 1989 bayan shekara 36 rabon da a gan shi tun na Kano, kuma a garinmu Bauchi aka buga fainal ɗin a filin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta ci Iwuanyanwu Nationale 1-0, marigayi Shuaibu Amodu ne kocinta. Yayana ne ya shiga da ni ya ɗora ni a wuya, abin da na fi tunawa shi ne duk filin BCC ake goya wa baya kamar 'yan gida, Bahaushe da Bajari da Bafulatani ana ta ihu wa yaran Gboko, babu wanda ya tsaya tambayar addininsu ko yarensu. Shekarar da ta biyo, 1990, suka je suka ɗauko kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙalubale, suka doke Club Africain ta Tunisiya. Suka ƙara ɗaukar na gida a 1993, 1994 da 1997. Huɗu cif.

Sarkin Gardama: Ni fa wannan lissafin na "Arewa" da kuke yi bai kwanta min ba. Gboko Arewa ce in an ci kofi, in an zo wata maganar kuma a ce ba namu ba ne. Su kansu mutanen Binuwai ka tambaye su ko sun yarda kofin Arewa suka ɗauko.

Ɗan Yankari: Malam ni abin da idona ya gani na faɗa. A ranar dai namu ne, kuma Binuwai tana cikin tsohuwar Jihar Arewa, wannan ba ni na tsara ba.

Malam Na Kawo: Sarkin Gardama yana da 'yar gaskiya amma kada mu kai maganar siyasa. Ni abin da ya fi jan hankalina a tarihin kofin nan shi ne in ka bi sunayen waɗanda suka ɗauka za ka ga inda kuɗin ƙasar yake a kowane zamani. Farko ma'aikatun Turawa ne da kamfanoninsu, jirgin ƙasa, jiragen ruwa, UAC, ECN ta wutar lantarki wadda ta zama NEPA, ɗan wasa ma'aikaci ne, da safe yana wurin aiki da yamma yana fili, in ƙafa ta mutu aikinsa na nan. Irin su Teslim Balogun da ake ce wa Thunder a haka suka taso. Daga baya attajirai suka shigo, Israel Adebajo da Stationery Stores, Abiola da Abiola Babes, Iwuanyanwu da tasa, Leventis United wadda ta ɗauki kofin a 1984 tana rukuni na uku. Mu a Kaduna muna da DIC Bees ta masana'antar kayan soja, ta je fainal a 1983 Rangers ta ci ta a fenariti bayan an tashi babu ci, ita ce ta zama Ranchers Bees a hannun Alhaji Muktar Aruwa, ta koma fainal a 1987 Abiola Babes ta ci ta, amma duk da haka a 1988 ta kai har fainal ɗin kofin Afirka ta yi rashin nasara a hannun Bizerte ta Tunisiya, kuma daga nan Daniel Amokachi ya fito. To da kamfanonin nan suka durƙushe attajiran suka janye hannu sai komai ya koma hannun gwamnatocin jihohi, kulob ya zama kamar wani sashe na ma'aikatar wasanni, gwamna mai son ƙwallo ya zo a ga haske, wanda ba ya so ya zo 'yan wasa su yi wata da watanni ba albashi. Ina BCC yau? Ina Leventis? Ina Raccah? Kulob ɗin da ya mutu ai da tarihinsa yake tafiya, don babu ofishin da zai ajiye hoto ko kofi ko rigar wani.

Ɗan Yerwa: Salam. Na daɗe ina karantawa ina jira a zo kanmu. Ɗan Fagge ka ambaci 2024 na gode, amma ka tsallake 1991, ko da gangan ne? El-Kanemi Warriors 3, Kano Pillars 2. Muka sake ɗauka a 1992 a kan Stationery Stores 1-0, Amodu ne ma kocinmu a wannan karon. Biyu a jere. 2001 muka je Dolphins ta ci mu. Na 2024 kuwa ya fi min duka daɗi, domin muna rukuni na biyu ne a lokacin, ba a babban lig ba, kuma kowa ya san abin da Maiduguri ta gani a shekarun da suka wuce, akwai lokacin da ko wasan gida ba ma iya yi a garinmu sai dai a kai mu wata jiha. Sai ga yaran nan a filin Onikan na Legas sun ci Abia Warriors 2-0, Nasiru Salihu ya zura duka biyun, Aliyu Zubairu na koci. Shekara 32 tsakanin kofi da kofi. A daren nan Keke Napep har ƙarfe nawa suna ta hon a gari. Wannan a lig ba zai taɓa faruwa ba, don a lig sai ka hau sama tukuna ka yi wasa 38, amma a kofi minti casa'in ne, ko kai waye.

Ɗan Fagge: Ba da gangan ba ne Ɗan Yerwa, 1991 tana nan a rubuce, Pillars tana da shekara ɗaya a duniya ta je fainal. Amma in ana maganar ciwo ni 2018 ce tawa. Asaba, filin Stephen Keshi, mu da Rangers. Rabi'u Ali Pele ya ci tun farkon wasa, Ibrahim Alhassan ya ƙara, aka dawo hutun rabin lokaci Nyima Nwagua ya ci ta uku. Uku babu. Muna majalisa a ƙofar gida ana bi ta rediyo da waya, wani abokinmu mai babur har ya tafi gidan mai ya cika tanki saboda zagayen gari, mai shayin layinmu ya ce kowa ya sha kyauta. Saura kamar kwata a tashi Rangers ta farke ɗaya, muka ce ba komai. Ta biyu ta shiga, majalisa ta yi shiru. Ana cikin ƙarin lokaci Ajani Ibrahim ya sa kai ya farke ta uku. Da aka je fenariti kowa ya san an gama, ƙafafun yaranmu sun riga sun mutu, 4-2 aka tashi. Shayin nan da aka zuzzuba haka ya huce a kofuna ba wanda ya taɓa.

Auta Gunners: Kai! Wannan ai irin na Liverpool da Milan ne a 2005.

Ɗan Fagge: Ka ga abin da nake faɗa ko? Na Liverpool da aka buga a Istanbul kana da shi a ka, na Asaba yau ka fara ji, alhali ƙungiyar garinku aka yi wa. Allah dai ya sa shekara ta zagayo muka koma fainal a 2019 a Kaduna filin Ahmadu Bello, mu da Niger Tornadoes, koci Ibrahim Musa Jugunu bai gudu ba ya tsaya ya sake kai mu. Ranar hanyar Zariya motocin Kano ne kawai, kore da ruwan ɗorawa ko ta ina, Sai Masu Gida tun daga Kwanar Dangora. Aka tashi babu ci, da aka ce fenariti wallahi mutane da yawa juya baya suka yi ba sa iya kallo saboda abin bara. 4-3. Shekara 66 rabon Kano da kofin.

Maman Hanan: Ku maza kun manta a ranar a filin an buga fainal ɗin mata ma, Nasarawa Amazons ta doke Rivers Angels a fenariti. Kuma Ismaila Mabo da Baba ya ambata shi ne ya kai Super Falcons zagayen kwata fainal a kofin duniya na 1999. In za a rubuta tarihin a rubuta duka.

Baba Mai Rediyo: Haka ne 'yata, Allah ya jiƙan Mabo, a 2023 ya rasu. Mutumin kirki ne.

Malam Na Kawo: Amin. Kuma kada a manta Kaduna United 2010, 3-3 da Enyimba aka je fenariti ta ɗauka, lokacin Enyimba tana Enyimba. Tornadoes ma ta ɗauka a 2000 a kan Rangers.

Ɗan Yankari: Wikki 1998 kuma.

Sarkin Gardama: Duk na ji, tarihi ne mai daɗi. Amma ku faɗa wa kanku gaskiya, laifin yaran nan ne da ba su sani ba? Auta zai biya kuɗi kaɗan a gidan kallo ya ga Wembley tar kamar yana ciki. Namu fa? Zagayen farko-farko ba a talabijin ba a rediyo, wani lokacin ko sakamakon sai ka yi ta nema a Facebook, a kai wasa wani gari da babu ruwan kowa da ƙungiyoyin biyu, ranar Laraba da rana tsaka, kujeru wayam. A 1973 ba a buga ba, 2020 korona ta hana, wannan an fahimta, amma ko a shekarun lafiya sai ka ga an matse gasar gaba ɗaya cikin 'yan makonni don a samu sunan da za a tura wa CAF, hukumar ƙwallon Afirka. Abin da masu shi ba su girmama ba ta yaya yaro zai girmama?

Auta Gunners: Yauwa Kawu, ka faɗa min abin da na kasa faɗa. Kuma ko a na Ingilan ai 'yan Najeriya muke bi, Kanu ne ya ci wa Portsmouth ƙwallon fainal a 2008, Iheanacho da Ndidi suka ɗauka da Leicester a 2021.

Malam Na Kawo: Amokachi ma ya ɗauka da Everton a 1995, ya ci Tottenham biyu a wasan kusa da na ƙarshe. Amma ka tuna daga Ranchers Bees ya tafi, a filayen Kaduna aka fara ganinsa. In babu na gida babu wanda za ka je ka kalla a can.

Ɗan Fagge: Sarkin Gardama ban ce laifin yara ba ne, kuma ban ce a daina kallon Turai ba, ni ma ina kallo. Akwai wani abu kuma da ya rage wa kofin daraja wanda ba a cika faɗa ba. Da, wanda ya ɗauka yana da gasarsa ta kansa a Afirka, kuma a nan ne Najeriya ta fara cin kofin nahiya, IICC a 1976, Rangers a 1977, BCC a 1990, tun kafin Enyimba ta ɗauko babban, wato kofin zakarun Afirka, a 2003. Daga 2004 aka haɗe gasar da kofin CAF aka yi Confederation Cup, wanda ta lig ma ana samun tikitinsa, to sai manyan kulob suka daina ganin dole ne. Amma har yau tsarin da ke ƙasa yana nan da kyaunsa, kowace jiha tana buga nata kofin, na ɗaya da na biyu su fito na ƙasa, wato ƙungiyar unguwa in ta dage za ta iya haɗuwa da Enyimba. Bayelsa United ta ɗauka a 2021 tana rukuni na biyu. 2025 Abakaliki FC ta je har fainal sai a fenariti Kwara United ta ci ta. Wace gasa ce kuma ke ba ƙaramin kulob wannan damar a ƙasar nan?

Ɗan Yerwa: Ni da za a ji tawa, a daina kai wasannin farko filin 'yan ba ruwanmu. In ƙuri'a ta haɗa ƙarami da babba, a kai wasan gidan ƙaramin. Ka yi tunanin Pillars ko Rangers ta sauka a Potiskum ko Gumel ko Funtuwa, ai ranar kasuwa ma sai ta tashi, kuma yaron da ya ga wannan ba zai manta ba har ya tsufa.

Sarkin Gardama: A takarda yana da daɗi. Wa zai tsare alƙalin wasa? Kun san abin da ya sa aka koma filin da ba na kowa ba, a gida ba a yarda a yi rashin nasara, in baƙo ya ci sai an fitar da shi da 'yan sanda. Mu 'yan kallo muna da namu laifin babba.

Baba Mai Rediyo: Wannan gaskiya ne, kuma ba yau aka fara ba, a zamaninmu ma an yi jifa an yi dambe. Amma maganin ba shi ne a kwashe ƙwallo a kai ta inda babu mutane ba. A hukunta kulob ɗin da magoya bayansa suka yi rigima, a kore shi daga gasar shekara biyu a gani in wani zai sake. Sannan fainal a riƙa zagayawa da ita kamar yadda aka kai Bauchi da Kaduna da Asaba da Benin, a sa mata wata ɗaya sananne da kowa zai riƙe, a kuma bar mata suna ɗaya, mai ba da kuɗi ya liƙa nasa a gefe in yana so.

Bakatsine: Baba wane sunan za a bari a cikin bakwai ɗin?

Baba Mai Rediyo: Challenge Cup mana. Shi aka fi daɗewa ana kira, shi ne kuma na bayan 'yancin kai.

Ɗan Yerwa: Na goyi baya. Amma maganar gida da waje ban janye ba, ko daga zagayen 'yan 64 zuwa 'yan 16 ne a gwada, daga kwata fainal sai a koma filin da ba na kowa ba, a nan ne ma ake samun kyamara da jami'an tsaro isassu.

Sarkin Gardama: In har za a sa kyamara a kowane wasa, ko ta waya ce a haska kai tsaye, to na yarda a gwada. In babu kyamara ban yarda ba.

Malam Na Kawo: Haskawa ta waya ai ba wani kuɗi ba ne, ƙananan kulob da yawa suna yi a Facebook yanzu. Abin da zai ci kuɗi shi ne gyaran filayen, don akwai garuruwan da filinsu ko katanga babu balle ɗakin canza kaya, kuma babban kulob ba zai yarda ya sa 'yan wasansa a kan tsakuwa ba. Sai dai a ce filin da ya fi kusa da ƙaramin kulob ɗin a cikin jiharsa.